Kalmomin Turanci da ke rikita masu karanta takardun ma'adinai a yammacin Zamfara

Yawancin takardun da suka shafi harkar zinare a yankin Gummi, Bukkuyum da Anka da Turanci suke zuwa, kama daga rahoton likitoci har zuwa takardar izini daga Abuja. A cikinsu akwai kalmomi masu kama da juna waɗanda bambancinsu bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba, amma kuskure a kansu na iya jawo asarar dukiya ko ta lafiya.

Ta farko ita ce "lead", wadda ta cika jaridu tun shekarar 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Rubutu ɗaya ne, ma'ana biyu. Idan dalma ake nufi, ana furta ta "led". Idan jagoranci ake nufi, sai a ja wasalin a ce "liid". Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, wanda ya riga ya yi jagoranci a baya "led" ake rubuta masa, kuma furucinta daidai yake da na dalma. Don haka "lead poisoning" ba ta da alaƙa da shugabanci.

Sai "miner" da "minor", waɗanda kunne ba ya iya rarrabewa. Ta farko mai haƙar ma'adinai ce, ta biyu kuwa yaron da bai kai shekara 18 ba. A labarin dalma wannan harafi guda shi ne labarin gaba ɗaya: manya ne suka haƙo duwatsun, aka kai su gidaje ana daka ana niƙa, amma waɗanda suka rasu, aƙalla 400, ƙananan yara ne, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 5. Mai fassarar da ya musanya kalmomin biyu ya mayar da mutuwar yara a tsakar gida ta zama haɗarin ma'aikata a bakin rami.

Mafi haɗari a ganina ita ce "affected" da "infected". Ana cewa "infected" idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, kamar ta kwalara ko ƙyanda. "Affected" kuwa tana nufin abu ya shafi mutum ko gari, ko ma wane iri ne. Dalma guba ce, ba ƙwayar cuta ba, kuma ba a ɗaukarta daga marar lafiya. Ƙurar da yaro ya shaƙa ko ya kai baki ita ce sila. Hausarmu ma tana taimaka wa ruɗanin, domin "ya kamu" muke cewa a duka biyun. Wanda ya fahimci "infected" zai guji yaron ya bar ƙasar da ke kashe shi, alhali maganin da aka yi a Bagega a 2013 ya fara ne da kwashe gurɓatacciyar ƙasa kafin a shiga bai wa yara magani.

Ga masu zuba jari, a lura da "exploration" da "exploitation". Ta farko bincike ce, ta biyu haƙowa domin cin moriya, kodayake a wani muhallin tana nufin ci da gumin wani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta raba su sarai. "Exploration licence" izinin bincike ne na shekara 3 da ake iya sabuntawa. Mai son haƙa ya sayar sai ya mallaki "lease": na ƙananan masu haƙa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, babban kuwa yana kai shekara 25. Duk wanda aka nuna wa takardar bincike aka ce ya kawo kuɗi a fara fitar da zinare, ya sake duba kanun takardar.

Batun "licence" da "license" mai sauƙi ne: a Turancin Ingila, wanda ofisoshinmu ke bi, ta farko suna ce, ta biyu aikatau.

Akwai kuma inda matsalar ke fitowa daga ɓangarenmu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma janye hanin a Disambar 2024. Turanci ya ce "lifted", mu kuma muka ce "an ɗage". Sai dai da wannan kalmar muke fassara "postponed", kamar a "an ɗage zaman kotu". A sanarwar hukuma gara a rubuta "an janye haramcin", a bar "ɗage" ga abin da aka tura zuwa wata rana.