Tankin Tsakiya da Umarnin da Aka Ba Matuƙan Jiragen Sama

Tun farkon zamanin jirgin sama, babban abin da matuƙi ke tsoro game da mai shi ne ya ƙare masa yana sama. A kan haka aka hore shi: ya auna abin da ya ɗauka, ya lissafa abin da injuna za su sha, ya ajiye na ko-ta-kwana. Tankin da ya zama wofi kuwa ba ya cikin damuwarsa, domin a zaton yawancin mutane inda babu mai babu gobara. Wannan zato shi ne ya rushe tsakanin 1990 da 2001.

Manyan jirage irin su Boeing 737 da 747 suna ɗaukar mai cikin fukafukansu, sa'an nan akwai wani tanki a tsakiya, ƙarƙashin ɗakin fasinja, wanda ba a cika shi sai tafiya ta yi nisa. Ƙarƙashin wannan tanki aka ɗaura na'urorin sanyaya iska, su kuwa zafi suke fitarwa. In jirgi ya daɗe a ƙasa suna aiki, ɗan guntun man da ya rage sai ya ɗumama, tururinsa ya tashi ya gauraya da iska. Wannan gaurayen shi ne ke fashewa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

A watan Mayu na 1990 tankin tsakiya na wani 737 ya fashe a filin jirgin Manila ta ƙasar Filifin, mutum 8 suka rasu, amma duniya ba ta farga sosai ba. Sai ranar 17 ga Yuli, 1996, sa'ad da wani 747 na kamfanin TWA ya tashi daga Niyok za shi Faris. Bayan kamar minti 12 ya tarwatse bisa teku, mutum 230 da ke ciki babu wanda ya tsira. Da farko aka zaci bam ne ko makami mai linzami. Masu bincike suka tsamo tarkacen daga ƙarƙashin ruwa, suka harhaɗa gangar jikin jirgin gutsure-gutsure, ba su ba da rahotonsu na ƙarshe ba sai a 2000. Abin da suka gano shi ne tankin tsakiya, wanda kusan babu kome a cikinsa, ya fashe, kuma sun fi kyautata zaton wutar lantarki ce ta ratso ta wayoyin ma'aunin mai. A watan Maris na 2001 kuma wani 737 ya ƙone a Bankok yana tsaye a ƙasa, zargi ya faɗa kan famfunan tankin da aka bari suna juyi babu mai.

A nan ne maganar ta iso hannun matuƙi. Wata guda bayan haka hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni a kan 737: in jirgi yana ƙasa kada a kunna famfunan tankin tsakiya sai man da ke ciki ya haura laba 1,000, watau kilo 453, kuma da zarar fitilar gargaɗi ta nuna ƙarfin turin famfo ya faɗi, a kashe shi. Dalili kuwa, man da famfo ke turawa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke rufe shi daga tururi. Famfon da ya bushe yana iya yin zafi, ko ƙarfe ya gogi ƙarfe.

A takarda umarnin gajere ne, amma ya saɓa wa abin da matuƙi ya tashi a kai. Mutumin da aka koya wa tatse kowane ɗigo, ga shi ana ce masa wani lokaci ya bar saura. Wanda ya haddace adadin kawai bai san dalili ba, zai ɗauke shi ƙa'idar ofis, irin wadda akan ɗaga wa ƙafa in aiki ya yi yawa. Wanda kuwa ya san abin da ke ƙarƙashin kujerun fasinjansa, ba sai an tuna masa ba. Duk da haka, gaskiya ita ce an ɗora wa ɗan yatsan matuƙi nauyin aibin da yake na ƙira ne, alhali fitilar na iya kamawa daidai lokacin da hankalinsa ke kan hadari ko kan maganar hasumiya.

Hukumar ma ba ta tsaya nan ba. A 2001 ta tilasta wa masu ƙera jirage su sake duba duk wata hanyar da tartsatsi zai iya shiga tanki. A watan Yuli na 2008, shekara 12 bayan haɗarin TWA, ta kafa dokar rage haɗarin tururin kansa, abin da ya kai ga ɗaura na'urar da ke tace iska, ta hura naitirojin cikin tankin tsakiya, har iskar da wuta ke ci da ita ta yi ƙaranci.