Shirin PALSA

PALSA shiri ne na ƙaro ilimi ga ma'aikatan jinya da ke bakin aiki a ƙananan asibitocin gwamnati na Afirka ta Kudu, domin su iya gane cututtukan numfashi na manya su kuma yi musu magani. Sunan taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci da ke nufin hanya mai sauƙin aiwatarwa ta kula da lafiyar huhu a Afirka ta Kudu. Masu bincike na Cibiyar Huhu ta Jami'ar Cape Town ne suka tsara shi a farkon shekarun 2000, tare da ma'aikatar lafiya ta lardin Free State. Shirin ya haɗa abu biyu: ƙaramin littafin jagora da ma'aikaci ke dubawa yayin da mara lafiya ke gabansa, da kuma gajerun darussa da ake zuwa a bayar a cikin asibitin da ma'aikacin ke aiki. An san shi da kasancewa ɗaya daga cikin shirye-shiryen horo da aka auna amfaninsu a kan marasa lafiya ta hanyar gwaji na kimiyya.

Asali

Tushen PALSA wata dabara ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ake kira PAL, wadda aka fara tsarawa a ƙarshen shekarun 1990. Dabarar ta shafi marasa lafiya masu shekara 5 zuwa sama da ke zuwa asibiti da tari ko wahalar numfashi, kuma ta fi mai da hankali kan cututtuka huɗu: tarin tibi, nimoniya da sauran cututtukan numfashi masu zuwa farat ɗaya, asma, da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa da ake kira COPD. Dalilin haɗa su wuri guda shi ne, dukkansu kan fara da alamomi masu kama da juna. Ma'aikacin da aka horar kan tibi kaɗai yana iya sallamar mai asma da maganin da ba nasa ba, wanda kuma ya saba kallon kowane tari a matsayin mura yana iya barin mai tibi ya koma gida yana yaɗa cutar. A 2006 WHO ta sanya PAL cikin dabarunta na yaƙi da tarin tibi.

A Afirka ta Kudu, ma'aikatan jinya ne ke duba mafi yawan marasa lafiya a ƙananan asibitocin gwamnati, likita kuwa a wurare da dama lokaci-lokaci yake zuwa. A wancan lokacin yaɗuwar cutar HIV ta sa masu tarin tibi sun ƙaru sosai a ƙasar. Wannan ne ya sa aka sake fasalin PAL ta yadda zai dace da aikin ma'aikatan jinya da jerin magungunan da gwamnati ke samarwa. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin akwai Eric Bateman, ƙwararren likitan huhu, da Lara Fairall, wadda ta shugabanci sashen jami'ar da ya ci gaba da bunƙasa shirin.

Littafin jagora

An tsara jagorar ne bisa ƙorafin da mara lafiya ya zo da shi, maimakon a jera ta bisa sunayen cututtuka kamar littattafan makaranta. Matakin farko shi ne tantance mai tsananin ciwo, misali wanda numfashinsa ke sauri ƙwarai ko wanda ba ya iya ƙarasa magana saboda sarƙewar numfashi. Irin wannan ana ba shi taimakon gaggawa a tura shi babban asibiti. Sauran kuma ana raba su bisa tsawon lokacin ciwon. Wanda tarinsa ya kai mako 2 ko fiye, ana aika kakinsa ɗakin gwaji domin neman tibi. Jagorar tana kuma nuna yadda ake bambance asma da COPD ta la'akari da shekarun da ciwon ya fara, tarihin shan taba, da ko alamomin suna zuwa suna tafiya ne ko kuwa kullum suna nan.

Yadda ake horon

A tsarin da aka saba, ana kiran ma'aikaci ɗaya ko biyu daga kowane asibiti zuwa taron bita na wasu kwanaki a birni, da fatan idan sun koma za su koyar da sauran. PALSA ya bi wata hanya dabam. An fara horar da masu horarwa daga cikin ma'aikatan jinya na ma'aikatar lafiya ta lardin, su kuma suka riƙa zagayawa asibitocin suna zama da dukkan ma'aikatan wurin a tare. Kowane zama gajere ne, ana kuma barin tazara tsakanin zama da zama domin ma'aikata su gwada abin da suka koya a kan marasa lafiya na gaske, sannan su dawo da tambayoyinsu. A darasin ana kawo misalin mara lafiya, ma'aikata su bi shafukan jagorar har su kai ga matakin da ya kamata a ɗauka. Manufar ita ce su saba buɗe littafin a lokacin aiki, ba sai sun haddace abin da ke ciki ba.

Gwajin Free State

An gwada shirin a ƙananan asibitoci 40 na lardin Free State. Ta hanyar ƙuri'a aka raba su gida biyu, rabi suka samu horon, rabi suka ci gaba da aikinsu yadda suka saba. Asibitocin da aka horar sun samu zama 2 zuwa 6. An bi diddigin marasa lafiya 1,999 masu shekara 15 zuwa sama da suka zo da tari ko wahalar numfashi, kuma mujallar likitanci ta BMJ ta buga sakamakon a 2005.

A asibitocin da aka horar, an gano tarin tibi a kashi 6.4 cikin 100 na marasa lafiyan, a sauran kuma kashi 3.8. An rubuta maganin shaƙa mai rage kumburin hanyoyin numfashi, wanda shi ne ginshiƙin maganin asma, ga kashi 13.7 cikin 100, a sauran asibitocin kuwa kashi 7.7. Tura masu tsananin ciwo zuwa babban asibiti ma ya ƙaru. Sai dai yawan rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta bai ragu ba, domin a ɓangarorin biyu kusan kashi 40 cikin 100 na marasa lafiyan ne aka rubuta wa. Wannan ya nuna cewa horon ya fi tasiri wajen sa ma'aikata su fara yin abin da ba sa yi, fiye da raba su da abin da suka daɗe suna yi.

Faɗaɗa shirin

A 2004 Afirka ta Kudu ta fara raba magungunan HIV a asibitocin gwamnati, sai aka ƙara kula da masu cutar a cikin jagorar, aka sa mata suna PALSA PLUS. Wani gwaji mai suna STRETCH, da aka yi a asibitoci 31 na Free State aka kuma buga a mujallar Lancet a 2012, ya nuna cewa ma'aikatan jinya da aka horar suna iya fara ba marasa lafiya maganin HIV su kuma ci gaba da sabunta musu shi ba tare da an samu illa ba, duk da cewa hakan bai rage mace-mace ba. Daga baya aka ƙara hawan jini, ciwon suga, lafiyar ƙwaƙwalwa da lafiyar mata, jagorar ta koma Primary Care 101, wadda daga gare ta aka samar da jagorar da ake kira PACK domin amfanin wasu ƙasashe.

An daidaita PACK da tsarin lafiyar Botswana, Habasha, Brazil da Najeriya. A Najeriya an gwada ta a ƙananan asibitocin jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo, inda ma'aikatan lafiya na al'umma ke duba marasa lafiya da yawa. A Malawi kuma an yi amfani da wani sigar shirin mai suna PALM PLUS a gundumar Zomba.

Iyakar tasirinsa

Ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako irin na farko ba. Gwajin Primary Care 101 a asibitoci 38 na lardin Western Cape, wanda aka buga a 2016, bai samu ƙarin ƙarfafa magani ga masu hawan jini, ciwon suga ko cututtukan numfashi masu daɗewa ba. A birnin Florianópolis na Brazil, horon PACK ya inganta kula da masu asma, amma ba a ga irin wannan ci gaban ga masu COPD ba. Haka nan horo ba ya maye gurbin kayan aiki: ma'aikacin da ya san ya kamata a gwada kaki ko a ba da maganin shaƙa ba zai iya komai ba idan babu ɗakin gwaji ko maganin ya ƙare. Yawan sauya ma'aikata da sabunta ƙa'idojin magani su ma suna tilasta a riƙa sabunta jagorar da maimaita darussan a kai a kai.