Gulma da Lifidi: Darasin Zaɓen Makami Daga Ƙasar Haɗeja

A shekarar 2004 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Monster Hunter, inda ɗan wasa ke zama mafarauci mai bin manyan dodanni. A yau wasan yana da nau'in makamai 14, kuma guduma tana cikin waɗanda aka fara da su. Halinta sananne ne: ba ta sare wutsiyar dodo, ba ta kuma tare wa mai ita duka, amma idan aka yi ta sauke ta a tsakar kan dodo sai ya sume, ƙarfinsa ya ƙare. Mai guduma kan kwashi ƙashi da fata da ƙahon abin da ya kashe ya kai wa maƙeri, a ƙera masa makami da sulke. A nan ne zai auna abin da zai ƙara nauyin bugu, da abin da zai gaggauta suman dodo, da abin da zai hana rurinsa daskarar da shi. Ba a samun duka a lokaci guda. Kowane ƙari yana cin gurbin wani.

Wannan lissafi ya girmi kwamfuta da ƙarnuka, kuma ƙasar Haɗeja tana da kaso a cikinsa. A tarihin baka na Bayajidda, jarumin ya bar matarsa a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, inda ta haifi Biram. Daga nan bai nufi Daura kai tsaye ba. Sai da ya tsaya a Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa rijiyar Kusugu ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Masana suna jayayya kan gaskiyar labarin, amma tsarinsa ya nuna tunanin masu ba da shi: kafin a tunkari dodo, a fara zuwa maƙera.

A fagen yaƙi kuwa, abin da ya ɗaukaka makami mai nauyi shi ne kariyar jiki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa. Kibiya tana maƙalewa a cikinsa, kaifin takobi kuma yana mutuwa a kan zoben sulke. Abin da kaifi ya kasa, nauyi yana iyawa. Gulma da kulki da gatarin yaƙi ba sa buƙatar huda ƙarfe, domin ƙarfin bugun yana ratsa kwalkwali ya kai ga kai, barde ya rikito daga sirdi. Sai dai mai gulma dole ya matso har inda mashi zai iya samunsa, kuma idan ya kai duka ya kuskure, kafin ya sake ɗagawa an gama da shi. Shi ma mai lifidi ya biya nasa farashin: dokinsa ba ya gudu mai nisa, auduga kuma abokiyar wuta ce.

Ƙasa ma tana da ta cewa. Kogin Haɗeja yana malala a fadamu da damina, daga wajen Miga har zuwa Nguru, doki mai nauyin kaya kuwa ba ya tafiya a taɓo. Shi ya sa rani ne lokacin yaƙi. Miga tana ƙarƙashin Kano a ƙarni na 19, a gefen gabas inda iyakarta ta kusanci Haɗeja, yankin da ya sha hare-hare a zamanin Sarki Buhari. Buhari ya hau sarautar Haɗeja a 1848, ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya fatattaki rundunar da aka tura masa, ya ci gaba da kai farmaki kan maƙwabta har ya rasu a 1863 a yaƙi da Badawa. Rundunar Haɗeja ta yi suna ne domin kayanta sun dace da abokan gabanta: dawakai, masu, takubba, baka da kibiya, da ganuwa mai ƙarfi.

Wannan dacewar ce ta zama tarko. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawan Ingila a 1903, Haɗeja kuwa ba ta sunkuya ba. A watan Afrilu na 1906, jim kaɗan bayan rikicin Satiru, sojojin mulkin mallaka suka iso da igwa da bindiga mai ruwa. Mutanen gari suka yi faɗa na sa'o'i a cikin birni, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da manyan fadawansa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Jarumta ba ta gaza ba a ranar. Lifidin da aka shekara ɗaruruwa ana kyautata shi domin kibiya bai san harsashi ba, makamin da ke buƙatar a matso kusa kuma bai samu kusancin ba.

Gogaggun masu wasan Monster Hunter sun san haka a ƙaramin sikeli: shirin da ya kayar da dodon jiya kan kunyata mai shi gaban dodon gobe, don haka sukan fara nazarin dabbar kafin su koma wa maƙeri. Bambancin shi ne mai wasa yana da damar sakewa. Haɗeja ba ta samu wannan damar ba a 1906. Lifidi da kwalkwali sun koma adon hawan Sallah, gulma ta saura a hannun mafarauta da 'yan sintiri, maƙera kuma suka mayar da hankali kan fartanya da lauje.