Ron Dellums da Shekara 14 na Neman Takunkumi

A 1972, shekara ɗaya kacal da shigarsa Majalisar Wakilan Amurka, Ron Dellums ya gabatar da ƙudurin yanke hulɗar kasuwanci da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wasu baƙaƙen ma'aikatan kamfanin Polaroid ne suka kai masa kuka, domin da kayan hoton kamfaninsu ake haɗa takardar shaidar da aka tilasta wa baƙaƙen Afirka ta Kudu yawo da ita a ƙasarsu ta haihuwa. Ƙudurin bai je ko'ina ba. Dellums bai janye ba, ya ci gaba da dawo da maganar majalisa bayan majalisa.

An haife shi a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1935. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, baffansa C. L. Dellums kuma jigo ne a ƙungiyar ƙwadagon baƙaƙen ma'aikatan jirgin ƙasa. Ya yi shekara biyu a rundunar Marine, ya karanci aikin kula da jin daɗin jama'a, ya zama kansila a Berkeley a 1967. A 1970 ya kayar da Jeffery Cohelan a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Demokrat, kuma adawa da yaƙin Biyetnam ce jarinsa. Fadar Shugaba Nixon ta sa sunansa cikin jerin maƙiyanta.

A 1973 ya shiga Kwamitin Harkokin Soja. Shugaban kwamitin, F. Edward Hébert, bai so zuwansa ba, har ya sa shi zama kan kujera ɗaya da Pat Schroeder, macen da ita ma ba a yi maraba da ita ba. Wulaƙanci ne tsagwaronsa. Shekara 20 bayan haka Dellums ne ya zama shugaban wannan kwamiti.

Amma 1986 ce shekarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Gwamnatin Reagan tana kan manufarta ta lallashin gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda jami'inta Chester Crocker ya tsara, alhali ana ta kashe mutane a unguwannin baƙaƙe. Tun ƙarshen 1984 masu zanga-zanga ke cincirindo a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, kuma Dellums na cikin waɗanda 'yan sanda suka kama a wurin. A watan Yunin 1986 tawagar dattawan ƙungiyar Commonwealth, wadda Janar Olusegun Obasanjo ke cikin shugabanninta biyu, ta fitar da rahoton cewa gwamnatin P. W. Botha ba ta da niyyar sulhu na gaskiya. A lokacin kuma Janar Joseph Garba ne ke riƙe da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, muƙamin da Alhaji Maitama Sule ya riƙe kafinsa.

Ranar 18 ga Yuni majalisa na muhawara kan wani ƙuduri mai sassauci, sai Dellums ya miƙe da nasa: a rufe ciniki, kamfanonin Amurka su kwashe jarinsu su fito. Aka amince da shi da ƙuri'ar murya. Wasu 'yan Rifablikan sun ƙyale shi ya wuce ne bisa lissafin cewa tsananinsa zai kashe maganar takunkumi ɗungurungum. Lissafin ya ƙwace musu. Da aka ɗora wancan ƙuduri a teburi, sai na Majalisar Dattawa, wanda Richard Lugar ya jagoranta, ya koma abin da mai matsakaicin ra'ayi zai iya sa wa hannu ba fargaba. A ganina nan ne babban aikin Dellums yake. Dokar da aka kafa ba ta kai abin da ya nema ba, amma naciyarsa ce ta ja sauran zuwa inda suka tsaya.

Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Majalisar Wakilai ta danne shi da ƙuri'a 313 da 83, Dattawa suka biyo da 78 da 21 ranar 2 ga Oktoba. Dokar ta hana sabon zuba jari, ta hana shigo da kwal da ƙarfe da yuraniyom da kayan saƙa da amfanin gona daga Afirka ta Kudu, ta hana jiragen saman ƙasar sauka a Amurka, ta kuma sa sakin Nelson Mandela cikin sharuɗɗan ɗage takunkumin. Mutanen Afirka ta Kudu ne suka rushe wariya da jininsu, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai Mandela da kansa ya je Oakland a ƙarshen Yunin 1990, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku, ya yi wa mutanen garin godiya.

A ƙarshen wannan shekara Dellums ya jagoranci 'yan majalisa fiye da 50 suka maka Shugaba George H. W. Bush a kotu, suna cewa ba shi da hurumin auka wa Iraƙi sai da izinin majalisa. Ya ajiye kujerarsa a 1998, ya yi magajin garin Oakland daga 2007 zuwa 2011, ya rasu a 2018. Wadda ta gaje shi a majalisa, tsohuwar ma'aikaciyar ofishinsa Barbara Lee, ita kaɗai ce ta ƙi amincewa da ba wa shugaban ƙasa izinin yaƙi a Satumban 2001, a ƙuri'ar da ta tashi 420 da 1.