Yadda aka daɗe ana hana yara masu shanyewar jiki ɗaga ƙarfe

Mai karatu, da a ce ka kai yaro mai lalurar sarabural falsi wurin likitan gashin ƙashi a Landan a shekarun 1970, ka ce kana so ya riƙa ɗaga nauyi, da wuya a amince maka. Lalurar kan samo asali ne daga rauni a ƙwaƙwalwar jariri, tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayanta. Ba shan inna ba ce, ko da yake mutanenmu kan haɗa su. Tsokokin yawancin yaran kan ƙage, su yi tauri, kuma wannan taurin ne ya ɗauke hankalin masana tun bayanin da likita William Little ya yi a 1861.

A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni kan farfaɗo da sauri idan suna ɗaga nauyi ana ƙara musu kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba aka gwada dabarar a kan masu shan inna. Amma a shekarun ne Berta da Karel Bobath suka fito da tsarinsu a Landan, wanda ya koyar da cewa yunƙuri mai ƙarfi yana ƙara ƙagewar tsoka. Tsarin ya bazu a duniya, hanin ma ya bi shi. Maganar tana da daɗin ji, ka ga ai tsokar da ta riga ta yi tauri kamar ba ta neman ƙarin ƙarfi. Matsalar ita ce tauri daban, ƙarfi daban, kuma an ɗauki shekaru da dama kafin a auna.

A 1995 Diane Damiano da abokan aikinta a Jami'ar Bajiniya suka ɗaura wa yara 14 nauyi a idon sawu, suna atisaye sau uku a mako har mako shida. Tsokar cinyarsu ta ƙara ƙarfi. A 2001 binciken Eileen Fowler ya nuna ƙagewar ba ta ƙaru ba bayan irin wannan atisayen.

To, sai dai kada ka yi saurin murna. A 2013 Nicholas Taylor a Ostareliya ya gwada matasa na tsawon mako 12 a wuraren motsa jiki na unguwa. Ƙarfi ya ƙaru, amma ma'aunin tafiya bai nuna wani canji ba, duk da cewa su matasan sun ce suna jin sauƙin zirga-zirga. A ganina wannan bai rage darajar atisayen ba, domin masu lalurar da yawa kan fara rasa tafiya tun suna samari ko a tsakiyar rayuwa, kuma raunin tsoka na cikin dalilai. Shi ya sa a yau ake haɗa ɗaga nauyi da gwada aikin da ake so ɗin kansa, kamar hawa matakala ko tashi daga kujera, bisa kulawar likitan gashin ƙashi.