Irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta: wa ke da iko da shi a Najeriya?

Amfanin gona uku da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ne Najeriya ta amince a noma su domin kasuwa: auduga a 2018, wake a 2019, sai masara a 2024. Hukumar NBMA da ke Abuja, wadda aka kafa a 2015, ita ke tantance lafiyar irin kafin ya isa hannun manoma.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ce ta samar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, da kuma masarar TELA. Sai dai ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar ta fito ne daga kamfanin Monsanto na Amurka, wanda Bayer ta Jamus ta saye a 2018. Gidauniyar AATF ce ta karɓo ta ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba.

Wannan rangwamen bai daidaita amfanin gonar biyu ba. Manomin wake na iya ajiye iri daga girbinsa ya shuka baɗi. Masarar TELA kuwa irin aure ce, yabanyarta na raguwa idan aka maimaita shuka 'ya'yanta, don haka duk damina sai an koma wurin mai sayar da iri. A nan ne ainihin tsadar take.

Dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ba ta yarda a mallaki nau'in tsiro ba. Amma yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta wajabta wa mambobinta kare masu ƙirƙirar iri. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kare nau'o'in tsirrai, wadda ke bai wa mai ƙirƙira iko na shekara 20, ko 25 ga itatuwa. An tsara ta bisa ƙa'idar UPOV ta 1991, wadda ke taƙaita sayar da irin da ke da kariya tsakanin manoma.

Masu goyon baya na cewa dokar za ta jawo jari. Ƙungiyoyi irin su HOMEF na ganin manyan kamfanonin ƙetare ta fi yi wa amfani, a ƙasar da galibin ƙananan manoma ke samun iri daga rumbunsu ko kasuwar ƙauye. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin nau'o'in har sai ta kammala bincike.