Santorini

Santorini tsibiri ne na ƙasar Girka da ke kudancin Tekun Aegean, cikin rukunin tsibiran Cyclades, kimanin kilomita 110 arewa da tsibirin Crete. Sunansa a hukumance Thira, babban garinsa kuma Fira. Mazaunansa kusan 15,500 ne, amma baƙin da ke ziyartarsa a shekara sun haura miliyan biyu. Siffar tsibirin da yawancin abin da ake zuwa kallo sun samo asali ne daga aman wutar dutse.

Asalin suna

Sunan Santorini ya fito daga Santa Irini, wato waliyiya Irini ta addinin Kirista, kuma ya bazu ne a zamanin mulkin Turawan Venice. A tsohon Girkanci an kira tsibirin Strongyle, ma'ana "mai da'ira", da kuma Kalliste, ma'ana "mafi kyau".

Yanayin ƙasa

Kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, dutsen da ke tsakiyar tsibirin ya yi aman wuta, ɗaya daga cikin mafi girma a tarihin ɗan Adam. Tsakiyar ta rufta, teku ya cika ramin, abin da ya rage ya zama kamar jinjirin wata. Tsawon wannan rami ya kai kilomita 12, faɗinsa 7, gangaren da ke kewaye da shi kuma ya kai tsayin mita 300. Dutsen bai mutu ba. Ƙaramin tsibirin Nea Kameni da ke tsakiyar ramin ya yi amansa na ƙarshe a 1950, sannan girgizar ƙasa ta Yulin 1956 ta rushe ɗaruruwan gidaje.

Wuraren ziyara

Fira da Oia suna bisa bakin gangaren, da fararen gidaje da majami'u masu shuɗiyar ƙubba. An haƙa wasu tsofaffin gidajen ne a cikin daskararriyar toka, shi ya sa suke da sanyi da rani. Hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 10 ta haɗa garuruwan biyu ta Imerovigli. Da yamma jama'a kan yi cincirindo a kangon ganuwar Oia don kallon faɗuwar rana.

Akrotiri, a kudancin tsibirin, tsohon gari ne da tokar wancan aman wuta ta binne. Masanin kayan tarihi Spyridon Marinatos ya fara tono shi a 1967. An samu gidaje masu hawa biyu zuwa uku, da magudanan ruwa, da tukwane, da zane-zanen bango na masunta, jiragen ruwa da birai. Ba a samu gawarwaki a cikin gidajen ba, abin da ya sa masana ke ganin mutanen sun gudu tun da ƙasa ta fara girgiza. An kuma samu rubutun Linear A, wanda har yau ba a gano harshen da yake ɗauke da shi ba. Yawancin kayan suna gidan adana kayan tarihi na Fira, wasu kuma a Athens.

Tsohuwar Thira tana kan dutsen Mesa Vouno, kuma a duwatsunta akwai wasu daga cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da haruffan Girkanci. A ruwayar Herodotus, mutanen wannan gari ne suka kafa birnin Cyrene a ƙasar Libiya ta yau, bayan fari ya addabe su.

Yashin bakin teku a Kamari da Perissa baƙi ne, na kusa da Akrotiri kuma ja. Kwale-kwale kan kai baƙi Nea Kameni, inda ake hawa da ƙafa har bakin ramin da ke fitar da tururi mai warin farar wuta.

Matsalolin yawon buɗe ido

Tsibirin ba shi da kogi, ruwan sama kuma kaɗan ne. Manoma kan naɗe kurangar inabi a ƙasa kamar kwando don kare ta daga iska, raɓa kuma ta shayar da ita. Otal-otal da gidaje sun dogara da ruwan teku da aka cire wa gishiri, gine-gine kuma suna cin gonaki.

A rana guda manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kan sauke dubban mutane a tsohuwar tashar Fira, inda ake hawa gari ta keken igiya, ko ta matakala sama da 580, da ƙafa ko a kan jaki. A 2018 gwamnati ta hana ɗora wa jakunan nauyin da ya wuce kilo 100. An ƙayyade fasinjojin jiragen zuwa 8,000 a rana, kuma daga 2025 kowannensu yana biyan Yuro 20 a lokacin cunkoso. A farkon shekarar ta 2025, dubban ƙananan girgizar ƙasa sun sa aka rufe makarantu, aka kafa dokar ta-ɓaci, mutane sama da 10,000 suka bar tsibirin na ɗan lokaci.